Kashi 2 da Kwata: Alec Guinness da Fim ɗin da Ya Azurta Shi, Ya Kuma Rufe Masa Aiki

A watan Disamba na 1975 Alec Guinness yana birnin Los Angeles yana ƙarasa wani fim na barkwanci mai suna Murder by Death, sai aka kawo masa rubutaccen labarin wani sabon fim, Star Wars, daga hannun matashin darakta George Lucas. Guinness yana da shekara 61, Lucas kuwa 31. Dattijon ya riga ya shekara 41 yana wasan kwaikwayo a dandamali da fim, ya ci Oscar, babbar lambar yabon fim ta Amurka, Sarauniya ta ba shi lambar girma ta Sir tun 1959, kuma in ana jera manyan 'yan wasan Shakespeare na Ingila, da an ambaci Laurence Olivier da John Gielgud da Ralph Richardson sunansa ke biyowa. Abin da aka miƙa masa kuwa labarin yaƙi ne a sararin samaniya, da takubban haske da mutum-mutumi masu magana.

A wasiƙar da ya aika wa wata aminiyarsa a kwanakin nan ya ce mai yiwuwa ya karɓa in an ba da kuɗin kirki. Ya kira labarin shirmen tatsuniya, amma ya ƙara da cewa ƙila a samu abin sha'awa a ciki. Ko sunan daraktan bai riƙe daidai ba, Paul ya rubuta maimakon George. Ya karɓi aikin. Fim ɗin shi ne Star Wars, rawar da ya taka kuma ta Obi-Wan Kenobi ce, tsohon jarumin da ya ɓuya a hamada. Fitowarsa gaba ɗaya a fim ɗin ba ta kai rabin sa'a ba, amma ita ta raba rayuwarsa gida biyu: ta ba shi wadatar da bai taɓa gani ba, ta kuma ƙwace masa abin da ya gina sana'arsa a kai.

Mutumin da ba a iya kwatanta fuskarsa

An haife shi ranar 2 ga Afrilu, 1914, a unguwar Maida Vale ta Landan. Gurbin sunan uba a takardar haihuwarsa wayam yake. Mahaifiyarsa, Agnes Cuff, ba ta taɓa fayyace masa wanda ya haife shi ba. Shi dai ya tafi a kan cewa wani ma'aikacin banki ne ɗan Sikotland, Andrew Geddes, wanda ya riƙa biyan kuɗin makarantarsa yana zuwa ganinsa a matsayin kawu. Kafin ya wuce shekara 14 ya amsa sunan dangi uku: de Cuffe na takarda, Stiven na mijin uwarsa, wani soja mai zafin hannu, sannan Guinness. Ƙuruciyarsa ta ƙare ne daga wannan masauki zuwa wancan, sau da yawa da bashi a bayansu. Duk wanda zai yi magana a kan yadda Guinness ya ɗauki kuɗi, ya fara riƙe wannan.

Ya fara aiki a kamfanin talla, yana tara 'yan kuɗinsa yana biyan wata 'yar wasa, Martita Hunt, ta koya masa magana a dandamali. Ita ce ta taɓa ce masa ba shi da baiwar abin. Ya samu gurbi a makarantar wasan kwaikwayo ta Fay Compton, a can Gielgud ya gan shi, kuma a 1934 ya ba shi ƙaramar rawa ta Osric a Hamlet. Daga nan ya shiga gidan wasa na Old Vic, inda darakta Tyrone Guthrie ya ɗora shi a kan Hamlet ɗin kansa a 1938, yana ɗan shekara 24, cikin tufafin zamani. A shekarar ya auri Merula Salaman. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya shiga sojan ruwa, ya ja ragamar jirgin sauke dakaru a mamayar tsibirin Sisili a 1943, daga baya ya riƙa kai wa mayaƙan Yugoslabiya kaya.

Hanyarsa ta shiga fim ma daga dandamali ta ɓullo. A 1939 ya mayar da littafin Dickens, Great Expectations, wasan dandamali, ya fito a matsayin Herbert Pocket. David Lean yana cikin 'yan kallo, bai manta ba, da ya tashi yin fim ɗin a 1946 sai ya neme shi. Shekara 3 bayan haka kamfanin Ealing ya yi Kind Hearts and Coronets, labarin wani da ke bin danginsa yana kashewa ɗaya bayan ɗaya don ya gaji sarauta. An yi wa Guinness tayin ya fito a huɗu daga cikin dangin, ya ce me zai hana ya yi duka takwas ɗin. Ya yi su kuwa: limamin coci mai surutu, janar, hafsan jirgin ruwa, ma'aikacin banki, saurayi mai ɗaukar hoto, har da mace. Kowanne da tafiyarsa da muryarsa, kuma duk da haka kana ganin jini ɗaya ne.

Nan ne bambancinsa da Olivier yake. Olivier in ya hau dandamali sai ya cika shi, kowa ya san ga Olivier. Guinness kuwa shigewa yake cikin mutumin da yake kwaikwayo har ka neme shi ka rasa. Mai sharhi Kenneth Tynan ya taɓa cewa da Guinness zai yi kisan kai a baza kwatancinsa, da yawan mutanen da za a kama bisa kuskure ya wuce duk wanda aka taɓa yi. Yakan fara gina mutum ne daga tafiyarsa. A The Bridge on the River Kwai na 1957, inda ya fito a Kanar Nicholson, fursunan yaƙi a hannun Japanawa, akwai wurin da aka fito da shi daga akurkin kwano bayan kwanaki a rana, ya taka zuwa ofishin kwamandan sansanin yana tangaɗi amma ƙirji a miƙe. Ya ce tafiyar ɗansa Matthew ya ara, lokacin da yaron ke farfaɗowa daga shan inna. Wannan rawar ce ta kawo masa Oscar.

Wannan baiwa tana da gefen da ba zan tsallake ba. Saboda an yarda zai iya zama kowa, sai aka riƙa ba shi fatar da ba tasa ba. Fagin ɗin da ya yi, wato Bayahuden ubangidan yara ɓarayi a Oliver Twist na 1948, da ƙaton hancin roba, ya fusata Yahudawa ƙwarai, aka yi tarzoma a Balin, Amurka ba ta nuna fim ɗin ba sai 1951 bayan an yanke wasu wurare. A Lawrence of Arabia na 1962 an shafa masa duhu ya fito a Yarima Faisal, ɗan Sharif Husaini na Makka, alhali ga 'yan wasa Larabawa a duniya, har ma a cikin fim ɗin. A 1984 kuma Lean ya sa shi ya fito a malamin Hindu a A Passage to India, rawar da shi kansa bai ji daɗinta ba. Ƙwarewa ba ta wanke waɗannan, kuma masana'antar da ta ga ya dace a yi haka ita ce babbar mai laifi.

Halin da tayin ya same shi

Mai kallon abin daga nesa zai ce me ya kai Sir Alec Guinness fim ɗin yara. Amsar tana cikin halin da fim ɗin Birtaniya ya shiga. A 1946 an sayar da tikitin silima sama da biliyan 1.6 a ƙasar. Talabijin ta shigo ta kwashe jama'a, gidajen silima suka riƙa rufewa, har lissafin ya gangaro zuwa miliyan 54 a 1984. Kuɗin Amurka da suka riƙe masana'antar a shekarun 1960 sun janye. Ealing ta daɗe da mutuwa. Irin fina-finan da aka san Guinness da su babu mai yin su kuma. Ga haraji: a tsakiyar shekarun 1970 mai babban albashi a Birtaniya yana biyan har kashi 83 cikin 100 a kan saman abin da ya samu. 'Yan wasa da yawa sun tattara sun bar ƙasar saboda haka. Shi ya zauna a gidansa kusa da Petersfield a gundumar Hampshire.

Dandamali kuwa, wanda shi ne inda zuciyarsa take, ba ya ciyar da mutum yadda fim ke yi, kuma bai riƙa yi masa daɗi kullum ba. Hamlet na biyu da ya yi a 1951 ya faɗi warwas. Macbeth ɗinsa na 1966 tare da 'yar wasan Faransa Simone Signoret ya sha suka. Yana da nasarori, ba a musu: shi ya buɗe bikin wasannin Shakespeare na Stratford ta Kanada a 1953 da Richard III a cikin tanti, ya ci lambar Tony ta wasan dandamali a Amurka a 1964 da ya fito a mawaƙi Dylan Thomas. Amma a 1975 mutum ne da ya doshi tsufa, kuma abin da ke ransa shi ne wani wasa mai suna Yahoo a kan rayuwar marubuci Jonathan Swift, wanda da hannunsa aka tsara, wanda kuma babu tabbacin zai ja 'yan kallo. A wata wasiƙa da ya rubuta ana cikin ɗaukar Star Wars ya faɗa ƙarara cewa abin da ke sanyaya masa rai shi ne kuɗin za su riƙe shi har Afrilu mai zuwa ko da Yahoo ya rushe cikin mako guda. Iyakar burinsa ke nan: guzurin 'yan watanni.

Yarjejeniyar

Ban da kuɗin hannu, an rubuta masa kashi 2 cikin 100 na ribar da za ta shigo wa masu fim ɗin. A lokacin wannan ba wani abin tinƙaho ba ne, don kaso a fim ɗin da bai yi kasuwa ba takarda ce kawai, kuma ko a cikin kamfanin 20th Century Fox da ya zuba kuɗin, kimanin dala miliyan 11, da yawa ba su sa rai ba. Guinness ya ba da labari a hirarsa da Michael Parkinson a 1977 cewa ana gobe fim zai fita Lucas ya buga masa waya, ya gode masa a kan gyare-gyaren da ya kawo, ya ce an ƙara masa rabin kaso, ya zama 2 da rabi. Da ya zo neman a rubuta masa a takarda, sai furodusa ya ce ai kwata ne. Haka aka tsaya a kan 2 da kwata.

Don a ga girman abin, a dubi James Earl Jones, wanda muryarsa ce ta Darth Vader, mugun fim ɗin: dala 7,000 aka biya shi, shi ke nan. Lucas da kansa irin wannan lissafin ya yi, ya haƙura da ƙarin ladan darakta ya riƙe haƙƙin ci gaban labarin da na kayan wasan yara, abin da ya mayar da shi hamshaƙin attajiri. Sai dai yarjejeniyar Guinness ta yi magana ne a kan kuɗi. Ba ta ba shi iko a kan inda fuskarsa za ta je ba, domin a 1976 babu wanda ya hango cewa wannan abin tattaunawa ne.

Aikin kansa

An fara ɗauka a watan Maris na 1976 a kudancin Tunisiya, wajen Tozeur da Nefta, sannan aka koma situdiyon Elstree kusa da Landan. Komai ya riƙa cijewa. Ruwan sama ya sauka a hamadar da ba ta saba ganinsa ba, mutum-mutumin suka ƙi tafiya, ma'aikatan Ingila kuma suna yi wa aikin kallon wasan yara. A wasiƙunsa Guinness ya koka cewa kusan kullum sai an kawo masa sababbin kalamai marasa daɗi a kan takardu masu ruwan hoda, kuma matasan da yake aiki da su suna sa shi jin kamar ɗan shekara 90. Amma a wurin aiki babu wanda ya ga wannan a fuskarsa. Yana zuwa a kan lokaci, ya haddace nasa, yana taimaka wa matasan 'yan wasa Mark Hamill da Harrison Ford, waɗanda a lokacin ba a san su ba. Lucas ya sha faɗa cewa ganin mutum irin Guinness ya ɗauki abin da muhimmanci shi ya sa saura suka nutsu.

A nan ne nake ganin Guinness bai yi wa kansa adalci ba. Kalaman da aka ba shi cike suke da sunayen da Lucas ya ƙirƙira jiya-jiya: wata tsohuwar jamhuriya, wani yaƙi da ba a nuna ba, wani ƙarfi da ke ɗaure duniya. A bakin ɗan wasa mara horo da sun zama abin dariya. Shi kuwa ya furta su kamar mai tuna abin da ya gani da idonsa ya kuma yi rashi a cikinsa, a hankali, ba tare da ɗaga murya ba. Wannan horon Old Vic ne, na mutumin da ya shekara da shekaru yana sa baitin da aka rubuta shekara 400 baya ya fito kamar yanzu ya zo masa. Duk abin da mai kallo ya gaskata game da tarihin waccan duniyar, daga bakinsa ya fara jin sa.

Akwai wuri ɗaya da ya cancanci a tsaya a kai. A ɗakin tsohon, saurayi Luke, jarumin labarin, ya tambaye shi yadda mahaifinsa ya mutu. Kafin Guinness ya amsa sai ya ɗan yi jim, ya kau da ido, sannan ya ce Vader ne ya ci amanarsa ya kashe shi. Lokacin da aka ɗauki wannan, ba a riga an rubuta cewa Vader shi ne mahaifin ba. Sai a fim na biyu, na 1980, wannan ya fito. Da masu kallo suka koma baya, sai suka tarar da ƙaryar tana zaune a fuskar tsohon tun farko. Ba wai ya san abin da ke tafe ba ne. Ɗabi'arsa ce ya bar wa duk mutumin da yake kwaikwayo wani abu da bai faɗa ba, kuma mutumin da ya tashi ana ɓoye masa sunan ubansa ya san yadda babba ke yi in yaro ya jefo irin wannan tambaya.

A kan mutuwar Obi-Wan kuwa bakin biyu bai zo ɗaya ba. Lucas ya ce shi ya yanke shawarar ana tsakiyar aiki, don ya ga tsohon ba shi da abin yi a ƙarshen labarin, kuma Guinness ya ji haushi har sai da aka lallashe shi. Guinness kuwa, a wata hira a 1999, ya ce shi ya kawo shawarar don ya huta da furta kalaman. Na fi karkata ga maganar Lucas. Ta Guinness ta zo ne bayan shekara 22 na gajiya da abin, lokacin da ɗacin ya riga ya shiga yadda yake tuna komai.

Bayan 25 ga Mayu, 1977

A ranar ce fim ɗin ya fita, a gidajen silima 32 kacal a Amurka. Kafin shekara ta ƙare ya ture fim ɗin Jaws ya zama fim mafi kawo kuɗi a tarihi. Guinness ya kalla, kuma abin da ya rubuta a littafinsa na yau da kullum ba raini ba ne: ya yaba ƙwarewar aikin da ɗumin zuciyar labarin, ya ce yaƙin ƙarshe ya yi tsawo, wasu kalaman kuma suna da ciwo a kunne. An sa sunansa a takarar Oscar ta mataimakin jarumi, Jason Robards ya ci. A 1978 kamfanin Kenner ya fara sayar da 'yar tsanar Obi-Wan ta roba. Ya sake fitowa kaɗan a fim na biyu da na uku, 1980 da 1983, a matsayin ruhin marigayin.

Sai wasiƙu suka fara zuwa, ba su kuma tsaya ba har ya mutu. Mutumin da ake cewa ba a iya kwatanta fuskarsa ya wayi gari fuska ɗaya gare shi, da farin gemu da alkyabba ruwan ƙasa, yara daga Tokiyo zuwa Meksiko sun san ta. Ya kai ga faɗa cewa wasiƙun Star Wars kwandon shara yake jefa su ba tare da ya buɗe ba. A littafinsa na ƙarshe, na 1999, ya ba da labarin wani yaro a San Francisco da ya gaya masa cikin alfahari cewa ya kalli fim ɗin fiye da sau 100. Guinness ya nemi yaron ya yi masa alkawari ba zai ƙara kallo ba. A yadda ya ba da labarin, yaron ya fashe da kuka, uwar ta ja ɗanta cikin fushi.

Masu sukarsa suna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ka karɓi kuɗin yaran nan, don me za ka wulaƙanta ƙaunarsu? A kan yaron, suna da gaskiya. Damuwar Guinness ta cewa yaro na iya nutsewa cikin duniyar ƙarya har ya girma bai fito ba damuwa ce ta gaske, amma ɗan shekara 12 da ya zo da murna ba shi ne zai ɗauki nauyin wannan ba. Sai dai masu sukar sun manta bai taɓa musun alherin ba. Ya rubuta cewa saboda karamcin Lucas ba shi da bashi, zai iya ƙarasa rayuwarsa daidai gwargwado yadda ya saba, kuma zai iya ƙin duk aikin da bai kwanta masa ba. Bai sayi fada ba, bai koma Hollywood ba. Gidansa na Hampshire ya ci gaba da zama, da matarsa da karnukansa da cocin Katolika da ya shiga tun 1956.

Abin da kuɗin suka saya

Ikon cewa a'a shi ne ribar gaske, kuma an ga amfaninsa nan da nan. A 1979 BBC ta yi Tinker Tailor Soldier Spy kashi 7, daga littafin John le Carré, labarin farautar ɗan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet da ya kai ƙololuwar hukumar leƙen asirin Birtaniya, abin da ya yi kama da badaƙalar Kim Philby wanda ya tsere Mosko a 1963. Aikin talabijin ne mai cin watanni, a lokacin da taurarin fim ke ganin talabijin koma-baya ce, kuma ladan BBC ba ya kusa da na Hollywood. Guinness ya karɓi rawar George Smiley. Ya nemi le Carré ya haɗa shi da tsohon shugaban hukumar, Maurice Oldfield, suka ci abinci tare, ya bi shi da ido yana nazarin tafiyarsa.

Smiley mutum ne mai kauri, mai tabarau, wanda matarsa ke cin amanarsa kowa ya sani, wanda kuma aikinsa sauraro ne. Yawancin lokaci Guinness yana zaune ne kawai wani na magana. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ɗago ido, kuma a cikin wannan ɗagowar kake gane cewa ya kama ƙaryar. A ganina nan ne ƙololuwar aikinsa a gaban kyamara, sama da Kwai ma, domin a nan babu hancin roba, babu gemu, babu lafazin aro. Ɓuyan duk a cikin ido yake. Ya ci lambar BAFTA ta fim da talabijin a Birtaniya, ya sake ci da Smiley's People na 1982. Le Carré ya ce Guinness ya mamaye masa Smiley har ya zama in ya zauna rubutu muryarsa yake ji.

Sauran shekarun ya zaɓi abin da yake so ya yi. Ya fito a wasan Alan Bennett, The Old Country, a 1977. An ba shi Oscar ta girmamawa a 1980. Ya yi Shylock na wasan Shakespeare a Chichester a 1984. Little Dorrit, fim mai tsawon sa'a 6 daga littafin Dickens, ya sake kai shi takarar Oscar yana da shekara 74. Wasansa na ƙarshe a dandamalin Landan shi ne A Walk in the Woods a 1988, inda ya fito a jami'in diflomasiyyar Sobiyet. Ya rubuta littattafai 3 na tarihin rayuwarsa da tunaninsa, kuma rubutu ne mai kyau. Da wuya a nuna ɗan wasan zamaninsa da ya samu tsufa mai 'yanci irin wannan. Olivier, wanda ya fi shi suna, ya ƙare shekarunsa na ƙarshe cikin rashin lafiya yana karɓar fina-finai barkatai don ya bar wa iyalinsa abin hannu.

To me ya sa ɗacin bai tafi ba? Ina jin amsar tana cikin yanayin sana'ar dandamali kanta. Hamlet ɗinsa na 1938, wawan sarki da ya yi a King Lear na Olivier a 1946, Richard II na 1947, duk sun tafi tare da waɗanda suka zauna a kujerun nan suka kalla. Abin da ya ɗauka shi ne ainihin aikinsa ba ya ajiyuwa, abin da ya yi don guzurin 'yan watanni kuwa ana ta buga shi a kaset da faifai, kowace shekara da sababbin yaran da za su fara saninsa daga nan. Yana raye yana kallon yadda za a tuna shi, kuma ba shi da yadda zai yi. Wannan ba girman kai ba ne. Kuskurensa ɗaya, a nawa ganin, shi ne ɗaukar da ya yi cewa Obi-Wan ba ya cikin aikinsa na gaske, alhali duk abin da Gielgud da Guthrie suka koya masa yana cikin 'yan mintocin nan.

Ya rasu ranar 5 ga Agusta, 2000, a Midhurst, yana da shekara 86, da ciwon dajin hanta. Merula ta bi shi bayan wata 2. Shekara guda kafin nan Ewan McGregor ya fito a Obi-Wan na ƙuruciya, bayan ya zauna ya nazarci tsoffin fina-finan Guinness don ya kamo muryarsa. A 2015, da kamfanin Disney ya farfaɗo da jerin fina-finan, injiniyoyin sauti suka koma tsohon faifan muryar Guinness suka yanko gaɓa guda daga cikin wata kalma, suka sa shi ya kira sunan wata jaruma da aka ƙirƙira shekaru bayan an binne shi. A shekarar da ta biyo baya aka yi amfani da kwamfuta aka dawo da fuskar Peter Cushing, abokin aikinsa a fim ɗin farko wanda ya rasu tun 1994, ya yi magana ya yi tafiya a sabon fim. Batun wanda ke da iko da fuska da muryar ɗan wasa yana cikin manyan abubuwan da suka sa ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta tafi yajin aiki na kwana 118 a 2023.